KEKEN MARAƊI DA KUƊIN FITO

A ƙarƙashin gadon Innarmu akwai wata tsohuwar adaka ta ƙarfe, irin wadda ake kai amare da ita a da, duk fentinta ya koɗe. Babu wani abin kirki a ciki in ban da tsofaffin zannuwa da katunan asibiti na haihuwarmu, sai kuma wani famfon keke siriri baƙi, an naɗe shi cikin ɗankwali kamar wani abin gado. Tun ina 'yar firamare nake ganinsa. Abin da ke ɗaure min kai shi ne, keken Baba yana da nasa famfon a maƙale jikinsa, wannan kuwa ban taɓa ganin an hura ko balan-balan da shi ba. In na tambayi Inna sai ta ce, "Je ki tambayi babanku." In na je wurin Baba sai ya ce, "Ke dai kin cika bin diddigi, tashi ki ba ni wuri." Sai bayan rasuwarsa, Allah ya jiƙansa, ranar da muke kwashe kayan ɗakin don a yi sabon daɓe, Inna ta zaunar da ni ta ba ni labarin, tana yi tana dariya, can kuma sai ta share ido da bakin zane.

Na san wata za ta ce, yo ita wannan da muka saba da ita a labarin soyayya, me ya kai ta zancen keke da kwastan, abin da mu matan nan ko hawa ba ma yi? 'Yar uwa, hawa ne dai ba ma yi, amma biya muna yi. Ki bincika a gidajenmu ki ji, keke nawa aka saya da kuɗin adashen mace, ko na tunkiyarta, ko na ɗan kunnenta? Sannan harajin da ake karɓa a kan keke a bakin iyaka, irinsa ake karɓa a kan keken ɗinkinki da atamfar da ke jikinki. Don haka ki yi haƙuri ki biyo ni, sai mun ɗan koma baya kafin mu iso kan famfon Inna.

Shi wannan haraji sunansa na Hausa kuɗin fito, kuma ya girmi keke, ya girmi zuwan Bature. Asalin fito shi ne a ƙetarar da mutum kogi a jirgin ruwa. Kakanninmu fatake masu zuwa Gwanja saro goro, su tashi daga Kano da jakuna ɗauke da kanwa da turkuɗi da fatu, wata da watanni suna tafe, dole sai sun ƙetare Kwara ta wajen Yawuri ko Illo, su ratsa ƙasar Bargu kafin su kai Salaga. A bakin ruwa a biya masu jirgi, kuma kowane sarki aka shiga ƙasarsa sai an ajiye masa nasa. Aikin madugu ke nan, shi zai shiga gaba ya yi ciniki da fadawa, a ce kaya kaza kuɗi kaza, ya ce Allah ya ba ka nasara a rage, har a daidaita, sannan kowane ɗan ayari ya kawo gwargwadon kayansa. Waɗanda suka biya za su sauka a zango, su sha ruwan rijiyar gari, su kwana ƙarƙashin tsaron sarki har su fita ƙasarsa. Ayarin da ya ce zai zaga ta daji don kada ya biya kuwa, duk abin da ya same shi shi ya jawo.

Da Turawan Ingila suka ci Kano a 1903, gadon sarakuna suka ci a wannan fanni. Gwamna Lugga ya kafa tashoshi a kan hanyoyin fatake ana karɓar fito da sunan gwamnati, fatake suka yi ta kuka, su ma kamfanonin Turawa suka ce abin yana kashe ciniki, sai a 1907 aka soke shi. Amma na cikin gida kawai aka soke. A daidai lokacin, tsakanin 1906 zuwa 1908, hafsoshin Ingila da na Faransa suna can suna bin daji suna awo suna kafa turaku, suna raba abin da manyansu suka riga suka raba a takarda. Nan ne iyaka ta ratsa tsakanin Katsina da Maraɗi. Ke kuwa kin san Maraɗi Katsinawa ne, zuriyar sarakunan da suka yi arewa bayan jihadi, har yau sarautar garin Sarkin Katsina ake ce mata. An sha yaƙi a tsakani, gaskiya ne, amma jini ɗaya ne. Ga wa a Jibiya, ga ƙane a Ɗan Isa, harshe ɗaya, tuwo ɗaya, aka wayi gari in ɗaya zai kai wa ɗaya turmin zane sai ya tsaya gaban kwastan a nan, ko gaban duwan a can.

Shi kuwa kwastan irin na kaki da littafi daga bakin teku ya faro, daga 1891 ake lissafin kafuwarsa, can wajen Kalaba. Kada ki ɗauka ƙaramin abu ne. Da kuɗinsa gwamnatin Kudu take rayuwa, kaso mai tsoka kuma daga harajin barasar da jiragen ruwa ke saukewa yake fitowa. Arewa ba ta da teku, an kuma hana shigo da barasar cikinta, saboda haka kullum asusunta a rame, sai an ciko daga Landan da Kudu. Yana daga manyan dalilan da suka sa aka haɗe Kudu da Arewa a 1914, Ingila ta gaji da ciko. Wato ita kanta Nijeriyar da muke ciki, da hannun kuɗin fito a ɗaurin aurenta.

Keke bai yawaita a ƙasar Hausa ba sai da dogo ya iso. Jirgin ƙasa ya shigo Kano a 1911, shekara ta zagayo aka kama cinikin gyaɗa gadan-gadan, kuɗi suka shiga hannun talaka, kantunan Turawa irin su John Holt da G.B. Ollivant da CFAO ta Faransawa, daga baya kuma UAC, suka cika da kayan da za su mayar da kuɗin inda suka fito: akoko, fitilar ƙwai, tasoshi, keken ɗinki da keken hawa. Sarkin kekuna shi ne Raleigh, mu ce Rali, na garin Nottingham a Ingila, mai tambarin kan zalɓe a goshinsa. Kakata takan ce a zamaninsu in saurayi ya zo zance a kan Rali, yana kaɗa ƙararrawa tun daga bakin lungu, to sauran samari sai su kama gabansu. Malamin makaranta, malamin asibiti, akawun En'e, duk da keke ake gane su. Har lasin ake yanka masa a ba ka 'yar lamba ka ɗaura, in ɗan doka ya kama ka babu ita, ko babu fitila da dare, ka shiga uku.

Sai dai mai sayen Rali a kanti bai san yana biyan fito ba. Kamfani ya riga ya biya a tashar jirgin ruwa ta Ikko, ya zuba a cikin farashi, ya ɗora ribarsa a kai. Wanda ke ganin harajin ido da ido shi ne wanda ya sayo abinsa da kansa a wata ƙasa, kamar ɗan ci-rani da ya dawo daga Kumasi da ɗan abin da ya tara. Irin su ake tsayarwa a ce, kwance kayanka mu gani.

Bayan samun mulkin kai a 1960 sai aka ba kuɗin fito aiki na biyu. Da, tara wa gwamnati kuɗi ne babban aikinsa, yanzu kuma aka ce ya zama katanga. Dabarar ita ce a tsawwala haraji a kan abin da aka gama ƙerawa a waje, a sassauta a kan wanda aka shigo da shi a wargaje cikin akwati, don dole kamfani ya zo nan ya kafa masana'anta ya ɗauki 'ya'yanmu su harhaɗa. Da haka Raleigh ta buɗe wurin harhaɗa keke a nan Kano, Peugeot ta buɗe na mota a Kaduna a 1975, masaƙu suka cika Kakuri da Bompai da Sharaɗa. Babanmu a ɗaya daga cikin masaƙun nan ya samu aiki yana saurayi, yana tsaron injin saƙa, wannan mako aikin dare, mako mai zuwa na rana. Ki lura da kyau, albashin da aka biya sadakin Inna da shi, katangar nan ce ta samar da shi. Ba don an toshe wa yadin waje hanya ba, da babu masaƙar balle aikin.

Kuɗin fetur suka zo, aka yi Udoji, ma'aikata suka karɓi ariyas a 1975, mai keke ya jingine ya sayi babur. Ba a daɗe ba farashin man ya faɗi. A 1982 gwamnatin Shagari ta shelanta tsuke bakin aljihu, kaya da yawa aka ce sai da lasin shigo da kaya za a kawo su. Lasin nan kuwa takarda ce da ta fi zinariya, wanda ya san wani ya samu, ya juya ya sayar wa mai masana'antar da ke buƙatarta da gaske. Masana'antu suka rasa kayan haɗi, kantuna suka bushe, madara da sabulu sai an bi layi. A watan Afrilu 1984 gwamnatin Janar Buhari ta canja launin kuɗi, ta kuma rufe iyakokin ƙasa ruf. Abin ya haɗu da fari, hatsin da mutanen Nijar suka saba saye daga nan ya yanke, har yau tsofaffi a Maraɗi in suna lissafin yunwa, ta shekarar nan El-Buhari suke ce mata. Ba a buɗe ba sai a watan Maris 1986, zamanin Babangida.

To a wannan shekarar ne, da damina, Baba ya shirya zuwa Maraɗi gaisuwar mutuwa. Gwaggonsa da ke aure can ta rasu tun iyaka na rufe, ba wanda ya samu zuwa. Lokacin shekararsu biyu da aure, suna haya a Kurna, kullum a ƙasa yake zuwa wurin aiki ya dawo, ya iso gida ƙafa duk ta yi furu-furu. Wani abokin aikinsa ya ce masa ai a Maraɗi ga keke Peugeot nan a kasuwa, ba layi ba alfarma. Inna ta ji, ba ta ce komai ba. Ta aika aka sayar da tumakinta biyu da ke kiwo a ƙauye wurin yayarta, ta haɗa da kwasar adashenta na ƙuli-ƙuli, daren da zai tafi ta ajiye masa a kan tabarma. Ya ce, "Wannan fa?" Ta ce, "Malam, ƙafar nan taka ita ce jarinmu. Ka sayo keken."

Ya sayo kuwa. Ta ce yadda ya riƙa kwatanta mata shi daga baya, kya ce amarya aka hana shi: shuɗi, da fitila mai aiki da taya, da wurin ɗora kaya a baya, da famfo a maƙale. Ɗan gwaggon nasa ya raka shi aka canja naira zuwa sefa, aka yi ciniki, aka biya, aka tafa. Abu ɗaya ba su yi ba, ba su karɓi rasit ba, don a ganinsu takarda ta mece ce tunda ga keke ga mai shi? Kuɗin kuma duk ya zuba a ciniki, abin da ya rage na mota ne da ɗan na goro. Ko a ransa bai kawo akwai wani biya a gaba ba. Shi a tunaninsa haraji na Alhazai masu tirela ne, ba na mutum ɗaya da keke ɗaya ba.

A bakin iyaka aka sauke keken daga saman mota. Ma'aikacin ya zagaya shi, ya ga ko ledar sirdi ba a cire ba, ya ce sabo ne, sai an biya. Ina rasit? Babu. Ya ce to tunda babu, ba da bakinka za mu yi lissafi ba, da kimar da ke littafinmu za mu yi. Ya buga ya faɗi kuɗi. Inna ta manta adadin, amma ta ce ya haura rabin albashin Baba na wata, shi kuwa ko rubu'in haka babu a aljihunsa. Aka ce yana iya barin keken a ba shi takarda, ya je ya nemo kuɗi ya dawo ya karɓa. Ni da na girma na duba, wallahi mutumin nan bai zalunce shi ba, ƙa'idar ke nan har gobe, in ba ka da shaidar abin da ka biya, su za su yi wa kayanka kima.

Baba ya ce a'a, gara ya mayar wa ɗan uwansa ya ajiye. Ya turo keken ya koma baya wurin wani mai shayi, ya zauna ya rafka tagumi. Nan wani saurayi mai fara'a ya matso, ya gaishe shi har ƙasa. Ya ce, "Malam, na ga abin da ya faru. Mu 'yan fito ne, aikinmu ke nan. Kawo ɗan abin da ke hannunka, in bi da shi ta cikin gero, kai ka wuce hannu rabbana, mu haɗu gindin tsamiyar bayan kasuwa kafin la'asar." Kin ji fa, 'yar uwa, sunan bai canja ba. Na ofis fito yake karɓa, na daji ma fito yake yi. Mai shayi ya sa baki ya ce ai yaron nan sananne ne. Baba ya miƙa masa. Har yaron ya ɗora ƙafa a feda, sai ya juyo ya ce, "Malam, cire famfon nan ka riƙe, kada ya faɗi a daji." Ita ke nan gaskiyar da ya yi masa.

Ya yi la'asar a gindin tsamiya, ya yi magariba, ya yi lisha, ya kwana a masallacin kasuwa. Gari ya waye ya koma wurin mai shayi, mai shayi ya ce wane yaro? Kai, shi Baban ma bai taɓa ganinsa ba. Ga shi ba dama ya kai ƙara. Ya je ya ce me? Na ba wani kaya ya yi min fasa-ƙwauri ya gudu da su? Kwana biyu yana zaga ƙauyukan wurin a ƙasa, duk keke shuɗi ya hango sai gabansa ya faɗi. Rana ta uku wani direba ya tausaya masa ya ɗauko shi a rabin kuɗi.

Inna ta ce da ta ji sallamarsa ta fito da gudu har tana tuntuɓe da murhu, tana leƙen bayansa. Ya miƙo mata famfo. Ta ce, "Ina sauran?" Ya ce, "Sauran yana hanya." Sun yi wata guda a haka, sauran yana hanya, kafin wata rana da dare ya faɗa mata gaskiya. Na ce, Inna, me kika ce masa? Ta ce, "Me zan ce wa mutumin da ya rame kamar ya yi jinya? Cewa na yi Allah ya mayar da alheri. Amma fa na yi sati ban sa masa man shanu a tuwo ba." Shekara uku ya ƙara yana tafiya a ƙasa, sannan ya samu wani Phoenix ɗan China na hannu ya saya, yana biya kaɗan-kaɗan.

Na daɗe ina juya labarin nan a raina, kuma ba satar ce ta fi tsaya min ba. Abin da ya fi tsaya min shi ne Baba, mutumin da katangar haraji ke ciyarwa, shi ne ya nemi haura ta ta baya ranar da ta tsaya a gabansa. Ban ce ya yi daidai ba, ban kuma iya ganin baƙinsa ba. An gina katangar ne don a sayi keken gida, to da keken gidan yana samuwa ga ɗan masaƙa a 1986, me zai kai shi Maraɗi? Madugu in ya biya fito yana ganin rijiya da zango. Talakan da aka ce ya kawo rabin albashi, me aka nuna masa? Amma kuma hanyar da kekensa ya bi ya ɓace, ita ce dai hanyar da dilolin atamfa da shadda suka riƙa biyowa, ba a keke ba, a manyan motoci, daga Kwatano su zaga ta Nijar su faɗo Kantin Kwari. A watan Satumba na 1986 ɗin aka fara gwanjon kuɗin waje ƙarƙashin shirin SAP, aka soke lasin shigo da kaya, naira da ke kusan kai ɗaya da dala ta koma wajen huɗu a dala ɗaya cikin shekara guda. Kayan gyaran inji suka yi tsada, wuta ta ƙi tsayawa, yadin waje ya cika kasuwa, masaƙu suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya. Ta su Baba da ƙyar ta kai ƙarshen shekarun 1990, ina aji uku aka sallame su. Ya koma sayar da yadi a bakin wata rumfa a Kwari, yadin kuma na waje. Ita ma Raleigh a can Nottingham ta daina ƙera keke a 2002.

Abin da ya tayar min da wannan tsohon zance shi ne, tun da aka cire tallafin fetur a ƙarshen watan Mayu 2023 kuɗin A Daidaita Sahu ya ishe mu. Maigidana ya ce zai sa ƙaninsa mai zuwa China sarin kaya ya sayo wa babban ɗanmu keke na zuwa makaranta, ya nuna min hoto a waya, ya ce dubi araha. Kuɗin kuwa na littafina ne da ya fita. Na ce, "Abban yara, tsaya mu yi lissafin da Baba bai yi ba."

Ga yadda abin yake. Tun 2015 ƙasashen ECOWAS suka fara aiki da jadawalin haraji ɗaya mai hawa biyar: sifiri, kashi 5, kashi 10, kashi 20 da kashi 35 cikin ɗari. Kayan aikin masana'anta suna ƙasa, abin da aka gama ƙerawa don amfanin jama'a yawanci a hawa na 20 yake. Kuma ba a kan kuɗin da kika biya a kanti kaɗai ake bugawa ba, nan mutane ke faɗawa. Sai an haɗa kuɗin kaya da na dako da na inshora, a juya su zuwa naira da canjin lokacin da ake shigar da takardun kayan, ba na ranar da kika saya ba, sannan a fitar da kason. Bayan nan a kawo harajin VAT na kashi 7.5, shi kuma a kan jimillar duka yake hawa, har da harajin farko. Mu yi misali. A ce keke ya tsaya naira 100,000, dako da inshora 40,000, ya zama 140,000. Kashi 20 ɗinsa 28,000, an kai 168,000. VAT ya ɗora 12,600, an kai 180,600. Ba a sa ƙananan caji na tasha ba, ba a sa ladan ejan mai zirga-zirgar takardu ba, ba a sa motar da za ta kawo shi Kano daga Legas ba. Keken dubu ɗari ya kusa ninkawa tun bai taka ƙasa ba. Canjin ma ba shi da amana: kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a hukumance, zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Masu kago da ke cewa kawo kaza a kan kilo mu kai miki har gida kuwa, harajin na ciki, ba yafe shi aka yi ba. In kuma ba ya ciki, to ɗan fito ne ya sa kwat.

Maigida ya ce, to ko ta Maraɗi za a duba, tunda muna da dangi? Na ce ka manta an rufe iyakar a Agustan 2019, ta Jibiya ba a buɗe ba sai Afrilun 2022, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 har zuwa Maris 2024, a Janairun 2025 kuma Nijar ta fice daga ECOWAS ɗin gaba ɗaya. Jikokin gwaggon Baba in za su zo biki sai sun yi waya sun tambaya ko hanya na biyuwa. Kuma ni dai, keke da Maraɗi, gidanmu an yi sau ɗaya.

Ya yi shiru, ya kife waya. Ranar Asabar ya ɗauki yaron suka je wurin masu sayar da kekuna na hannu, irin waɗanda ake kawowa a kwantena daga Turai da Japan, suka zaɓo wani ja wanda wani ya riga ya biya masa fito ya zuba mana a farashi, kamar dai zamanin Rali. Bai zo da famfo ba. Da muka je gaida Inna ranar Juma'a yaron ya faɗa mata, sai ta jawo adaka ta kwance ɗankwali. Fatar cikinsa ta bushe, mai faci na bakin layi ya ɗiga mata baƙin mai ya ja sau uku, sai ga iska, shekara kusan arba'in bayan an sayo shi. Yaron ya kama murna zai ɗaure shi jikin kekensa, Inna ta ce, "A'a, mai gidan, ka hura ka dawo min da abina. Shi kaɗai na gani a tumakina biyu."